Tub ɗin keken lantarki mai taya ɗaya: na dila, na keke ko na babur?

Wani ɗan'uwa a rukuninmu ya yi tambaya: tub ɗin kekensa mai taya 18x3.0 ya yage a gindin bawul, na wajen dila ya yi masa tsada, ko akwai mai araha da zai zauna daidai? Akwai, Malam. Sai dai lambar da ke jikin taya da lanƙwasar bawul su ne za su raba gardama, ba farashi ba.

Mu fara da lamba, don a nan aka fi yin ɓatan kai. A 18x3.0, lambar farko girman taya ce a inci, ta biyu kuma kaurinta. Masu keke suna auna girman daga bakin taya na waje zuwa ɗaya bakin, masu babur kuma daga bakin rim zuwa ɗaya bakin. Taya mai inci 18 tana kan rim na milimita 355, wato inci 14 a lissafin babur. Mai inci 16 tana kan milimita 305, inci 12 ke nan; mai inci 14 kuma tana kan milimita 254, inci 10. Saboda haka kekuna irin InMotion V11 da Begode MSX masu 18x3.0 suna ɗaukar tub ɗin babur mai lamba 2.75-14, irin girman tayar Veteran Sherman. King Song 16X mai 16x3.0 kuwa sai a nemi 2.75-12 ko 3.00-12. Wanda ya je shagon babur ya ce a ba shi “18”, za a miƙo masa tub ɗin rim mai inci 18, wanda ya fi ƙarfin tayarsa nesa ba kusa ba.

Tub ɗin dila: shi ne mafi tsada, abin da kake biya kuma shi ne kwanciyar hankali kan bawul. An lanƙwasa bawul ɗin yadda zai kauce wa injin da ke tsakiyar ƙafar da murfin roba na jikin keken. Robar kanta ba wata ta musamman ba ce, butil ce, wato irin robar da ake yin yawancin tub da ita.

Tub ɗin keken lantarki na yau da kullum: lambarsa iri ɗaya ce da ta tayarka (16x2.125, 16x2.5, 18x2.5), kuma ya fi kowanne araha. Ga ƙananan kekuna irin InMotion V8, shi za mu zaɓa. Matsalarsa biyu ce. Da yawa suna zuwa da miƙaƙƙen bawul, alhali inji ya cike tsakiyar ƙafar, babu inda kan famfo zai shiga. Sannan wasu robarsu siririya ce. Idan ka cusa tub ɗin 2.125 cikin taya mai faɗin 3.0, zai miƙe ya ƙara sirancewa, ɗan tsinke ma sai ya huda shi.

Tub ɗin babur: robarsa ta fi kauri, farashinsa yawanci a tsakiya, ga taya mai faɗin 3.0 kuma shi ne shawararmu. Amma ka karanta lambar bawul kafin ka biya. TR4 ƙarfe ne miƙaƙƙe, TR13 roba ce miƙaƙƙiya, TR87 shi ne ƙarfe mai lanƙwasar digiri 90. Ko TR87 ɗin ma ba a nan take ba: wani bakinsa yana kallon gefe, wani yana bin zagayen rim. Wanda ke kallon gefe, idan ya yi tsawo, zai riƙa dukan murfi duk juyi ɗaya, ƙyas-ƙyas, har ya tsage a gindi. Ajiye tsohon tub kusa da hoton sabon ka gwada su. Mai kaurin milimita 3 zuwa 4 na baburan daji, a bar shi. Yana da nauyi, yana da wuyar sawa a ƙaramin rim.

Shi kuwa ƙarin bakin bawul da ake ɗaurawa don famfo ya kai, na lokacin bugun iska ne kawai. Ka cire shi kafin ka hau. Idan iska tana raguwa a hankali, ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul tukuna; in ya yi kumfa, allurar ciki ce ta saki, ɗan makullinta zai ɗaure ta ba sai an kwance komai ba.

Yagewar da ka ambata a gindin bawul galibi ƙarancin iska ke jawo ta. Inji yana fisgar rim, taya ta zame kaɗan ta ja tub, bawul ya karkace. Sabon tub ma haka zai yi idan ba ka riƙe iska tsakanin PSI 30 zuwa 40 (PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska a taya) gwargwadon nauyinka ba, ba tare da wuce iyakar da ke rubuce a jikin taya ba.

Wajen sawa, cire haɗin batir kafin ka taɓa wayar inji. Shafa wa tub hoda, ka ɗan busa masa iska ya yi siffa, ka fara zura bawul a raminsa, sannan ka kula kada liba ta cije shi. Buga iska, ka bar ƙafar ta kwana kafin ka mayar da ita jikin keke, da safe ka auna. Sayi biyu tun yanzu, domin kwance wannan keke aikin awa ɗaya zuwa biyu ne, kuma a wasu samfuran sai an zare wayar inji daga allon lantarki kafin ƙafar ta fito.