Ministan tsoffin sojoji a Amurka da abin da ofishinsa ke bayarwa

Kawu, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini game da yadda ake kula da sojojin da suka ajiye kaki a nan Amurka. Na ga ya dace in rubuta ta a fili, domin sauran abokan aikinka na da, waɗanda kuke haɗuwa da su wajen tantance 'yan fansho, su ma su karanta.

Babban bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, a nan tsohon soja yana da ma'aikatarsa sukutum, wadda kowa ke kira VA, da minista mai kujera a majalisar zartarwa, wanda shugaban ƙasa ke zaɓa, majalisar dattawa ta tantance shi. Su sakatare suke ce masa. A wurinmu kuwa al'amuran tsoffin sojoji suna ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro ne, wadda hankalinta ke kan masu riƙe da bindiga a yau, shi ya sa wanda ya yi ritaya kan zo a ƙarshen layi.

Kujerar ba ta daɗe ba. A 1921 aka kafa hukumar tsoffin sojoji saboda waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma shugabanta na farko, Charles Forbes, gidan yari ya ƙare saboda almundahana da kwangilolin gina asibitoci, don kada wani ya ɗauka cewa cin amanar soja cutar ƙasarmu ce kaɗai. A 1930 Shugaba Hoover ya haɗe ta da ofishin fansho da gidajen kula da naƙasassun sojoji, suka zama hukuma guda. Sai a 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ɗaga ta zuwa ma'aikata, ta fara aiki ranar 15 ga Maris, 1989, Edward Derwinski ya zama ministanta na farko. Jesse Brown, baƙar fata na farko da ya riƙe ta daga 1993, shi kansa harbi ya naƙasa masa hannu a Biyetnam. Doug Collins ne aka naɗa a 2025.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asibitocinsu, domin aikina na tuƙa marasa lafiya yana kai ni can. Ma'aikatar tana da manyan asibitoci kimanin 170 da ƙananan fiye da 1,000, kuma mutum fiye da miliyan 9 ne suka yi rajista da su. A ɗakin jira za ka ga dattawa sanye da huluna masu ɗauke da sunan yaƙin da kowa ya halarta, wannan Biyetnam, wancan Iraƙi, suna tambayar juna rundunar da suka yi wa aiki kafin su tambayi suna. Wani dattijo da nake ɗauka ya nuna mini yadda magungunansa ke zuwa: farar jaka ce ta leda, ɗan aiken gidan waya ya jefa ta a akwatin ƙofar gida, a jikin kowace kwalba an buga sunansa da adadin ƙwayoyi da sau nawa ya rage a sake aiko masa. Wanda ke biya, dala 5 zuwa 11 yake bayarwa kan maganin wata guda, wanda kuma naƙasarsa ta kai kashi 50 cikin 100 ba ya biyan ko sisi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kwana ɗaya a gadon asibiti kan jefa mai albashi cikin bashi. Na'urar taimaka wa ji da ƙafar roba da keken guragu duk suna cikin abin da ake bai wa wanda ya cancanta.

Kuɗin naƙasa kuwa da ma'auni ake biyansa. Likita ya duba, ofis ya yanke kaso daga sifili zuwa 100, goma-goma, kuma wanda ya kai ƙololuwa yana karɓar fiye da dala 3,500 a wata, ba haraji. Kada Kawu ya yi saurin juya shi zuwa naira, domin kuɗin haya a manyan birane yana iya lashe rabinsa. Akwai kuma dokar 1944 da Shugaba Roosevelt ya sa wa hannu, wadda ta biya wa miliyoyin sojoji kuɗin karatu, ta tsaya musu wajen karɓar bashin sayen gida ba tare da kafin alƙalami ba. Na kan tuna kakanninmu da suka yi yaƙin Bama (Burma) a wancan zamanin, suka dawo da lambar yabo a ƙirji, yawancinsu suka koma gona ko gadi. Sai dai baƙaƙen fatar Amurka ma ba su ci moriyar dokar yadda ya kamata ba, saboda bankuna da makarantu da yawa sun rufe musu ƙofa.

Hatta mutuwa tana da nata sashe. Ma'aikatar tana kula da maƙabartu fiye da 150, tana bayar da kabari da tuta da dutsen shaida kyauta, kuma Musulmi yana iya neman a zana masa jinjirin wata da tauraro.

Duk wannan ba ya nufin babu kuka. Komai a nan takarda ce, musamman takardar sallama mai suna DD-214, kuma wanda aka kora da laifi mai girma ya rasa kusan komai. Sojojin da hayaƙin ramukan ƙona shara ya lalata wa huhu a Iraƙi da Afganistan sun shafe shekaru suna faɗi-tashi kafin dokar 2022 ta sauƙaƙa musu hanya, kuma ƙidayar 2024 ta nuna tsoffin sojoji fiye da 30,000 ba su da matsuguni. A 2014 aka bankaɗo cewa asibitin ma'aikatar da ke birnin Finiks yana ɓoye jerin masu jiran likita domin alƙaluma su yi kyau, wasu kuma sun rasu suna kan layi.

Abin da ya biyo bayan wannan badaƙala shi ne nake so ku lura da shi. Majalisa ta kira minista Eric Shinseki, janar mai tauraro huɗu wanda ya taɓa shugabantar rundunar sojan ƙasa, ya amsa tambayoyi a bainar jama'a, kafin ƙarshen watan Mayu ya ajiye aiki, a watan Agusta kuma aka yi dokar da ta ba wanda jira ya yi wa tsawo damar ganin likitan waje da kuɗin gwamnati. A ganina, wannan shi ne amfanin kujerar: akwai mutum guda da sunansa ke kan matsalar. Lokacin da tsoffin sojojinmu suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu, tsakanin Hukumar Fanshon Soja da Ma'aikatar Tsaro da ta Kuɗi kowa yana da wanda zai nuna wa yatsa. Idan ƙungiyarku za ta gabatar da buƙata a bikin tunawa da sojoji na 15 ga Janairu mai zuwa, shawarata ita ce ku sa neman irin wannan kujera a gaba da batun ƙarin alawus.