Wane metir za ka saya a Katako?

A kasuwar Katako ta Yamai, tebur guda na mai kayan gini kan ɗauki metir, wato tef ɗin awo, kala-kala, kuma yawancin masu saye tsawo da kyan gidan da yake naɗewa a ciki kawai suke dubawa. Aikin da za ka yi shi ya kamata ya zaɓa maka.

Kafinta da mai walda da mai sa tayil, na ƙarfe mai komawa gida da kansa ya dace da su, mita 3 ko 5. A nan faɗin ya fi tsawo muhimmanci. Mai faɗin milimita 13 ko 16 ba shi da nauyi a aljihu, amma da ka miƙa shi sama sai ya lanƙwashe. Mai milimita 25 kuwa yana tsayawa a miƙe, mutum ɗaya ya auna tsayin ƙofa ba sai an riƙe masa ba. Magini mai fitar da harsashi ko mai awon fili, dogon nan mai hannun naɗewa zai nema, mita 30 ko 50. A cikin dogayen nan, na zaren gilashi ba ya tsatsa da damina, sai dai in an ja shi da ƙarfi yana miƙewa. Na ƙarfe bai cika miƙewa da ja ba, zafi ne abokin gabarsa: a kan digiri 20 ake daidaita shi, don haka mai mita 30 da ya sha rana ya kai digiri 40 yakan ƙaru da kusan milimita 7. Ga katangar gida wannan ba komai ba ne. Na tela, mai santimita 150, a bar shi ga yadi.

Kafin ka biya, ja shi ka duba farkonsa. A kan masu kyau za ka ga alamar I, II ko III, wato ajin daidaito bisa ƙa'idar Turai. A tsawon mita 10, kuskuren da aka yarda wa aji na I bai wuce milimita 1.1 ba, na II 2.3, na III 4.6. Aji na II ya wadatar da kusan duk aikin gini da na katako. In akwai inci a gefe ɗaya, a kula, inci guda milimita 25.4 ne, kuma yaron shago kan karanta gefen da ba shi ba.

Sai ƙugiyar baki, wadda a nan ake yawan yin ɓarna. Za ka ji tana ɗan motsi gaba da baya. Da gangan aka yi ta haka: motsin daidai yake da kaurin ƙugiyar, kamar milimita ɗaya, don awo ya fito daidai ko ka maƙala ta a bakin katako ko ka tokare ta da bango. Wasu na ɗaukar guduma su danne ƙusoshin da ke riƙe ƙugiyar wai sun gyara, alhali sun lalata shi ke nan. Abin gudu shi ne motsin da ya wuce kima ko ƙugiyar da ta karkace. Gwajin ba wuya: auna abu ɗaya daga ƙugiya, ka sake aunawa daga santimita 10 ka cire goman. In amsoshin sun bambanta, mayar wa mai kaya ka ɗauki wani.

Bayan saye, abin da ke kashe metir da wuri shi ne sakinsa ya koma gida da gudu. Kowane bugu yana faɗaɗa ramukan ƙusoshin, wata rana kuma bakin ya tsinke. Tare shi da yatsa ya shiga a hankali. Ƙurar hunturu da yashi in sun shiga ciki suna kankare lambobi, galibi na mitan farko. Siminti ya fi su sharri. Goge metir ɗin da busasshen tsumma kafin ka naɗe, in ya jiƙe ka shanya shi a inuwa tukuna. In za ka shafa masa mai kuwa, ɗigo ɗaya a tsumma ya isa, don in ya yi yawa ƙura yake tarawa. Idan kuma aikin na mutum biyu ne, mai auna taga da mai ƙera ta, su jera metir ɗinsu su gwada tun kafin a yanka ƙarfe.