Faci ko sabon rufi, bayan iska ta yaye kwanon gidan haya?

Tun da ruwan farko ya sauka da iskar nan mutane ke ta tambayata, wai su yi faci ne ko su sauke rufin gaba ɗaya, to ga yadda nake gani.

Wajen kuɗi faci ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kwano biyar ko shida da ƙusa mai hula da ladan kafinta, yini ɗaya an gama, 'yan haya ko katifa ba za su ɗaga ba. Sabon rufi kuwa maganar bandir-bandir ake, kowane bandir falle 20, ga katako ga silin, kuma dole mutane su kwashe kaya a tsakiyar damina, mai yara ƙanana ina za ta dosa?

Amma fa matsalar sau da yawa ba a kwanon take ba, a katako take. Ni da idona na ga kafinta ya danna katako da ɗan yatsa ya burma, gara ta cinye cikin tas, irin wannan ko ka buga sabon kwano ƙusa ba ta da abin kamawa, iska ta gaba da katakon za ta tafi, Allah ya kiyaye ya faɗa kan mutum. Shi sabon aiki ana shafe katako da baƙin mai, a ɗaure shi da waya a jikin bulo, ka huta shekaru.

Wanda katakonsa ke da ƙarfi, ɓarnar gefe ɗaya ce, ko hannunsa bai kai ba bana, faci ya ishe shi. Wanda kwanonsa ya yi tsatsa, duk damina 'yan haya na tara bokiti a ɗaki, ya daure ya sauke.