Kafson sifamidin ga mai bawul ɗin zuciya mai ƙyaure biyu: kuɗin ya fi amfanin

Kafson sifamidin, wanda ake rubuta wa Spermidine a jikin kwalba, ya shigo kasuwar intanet da kirarin gyara zuciya da jinkirta tsufa, har masu kumburin awota, babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, sun fara tambaya a kansa. Hukuncinmu a gajarce: ga wanda aka haifa da bawul na bakin awota mai ƙyaure biyu maimakon uku, wanda kan jawo irin wannan kumburi, babu hujjar sayensa.

Yawancinsa ana tatso shi ne daga ɗan sashen ƙwayar alkama da ke tsirowa. Abin da ake sha a rana yakan kama daga miligiram 1 zuwa 6, kuma 6 ɗin ita ce iyakar da Tarayyar Turai ta amince wa manya, ban da masu ciki da masu shayarwa. A karanta bayan kwalba da kyau, domin babban adadin da ke gaba sau da yawa nauyin garin alkamar ne, sifamidin ɗin kansa ɗan mitsitsi ne a ciki. Wanda alkama ba ta karɓe shi ba ya kauce masa. A Najeriya kuma a nemi lambar NAFDAC.

Sifamidin ɗaya ne daga sinadarai uku da ake kira poliyamin, sauran su ne futiresin da sifamin. Jiki na ƙera su daga wani sinadari mai suna onitin ta hanyar inzayim ɗin ODC, wato furotin da ke hanzarta aikin, kuma ƙwayoyin halitta na bukatarsu wajen girma da rabuwa. Ana samunsu a waken suya, da laimar kwaɗi da ake ci, da cukun da ya daɗe.

Masu talla sun fi jingina da aikin 2016 na masu bincike a Jami'ar Graz ta Ostiriya, inda ɓerayen da aka ba sifamidin a ruwan sha suka fi daɗewa, zuciyarsu ta fi lafiya. A 2020 wani gwajin ɓeraye ya nuna ya rage kumburin awota ta ciki. Amma wannan kumburi ne da aka haddasa da gangan a sashen da ke ƙasa da ƙirji, ba irin na mai ƙyaure biyu ba.

Nan ne gizo ke saƙar. A mai ƙyaure biyu, kusan mutum 1 zuwa 2 cikin 100, galibi maza, jini ba ya fita sambal. Yana fita a karkace, yana dukan gefe guda na awotar da ke hawa daga zuciya, ga kuma raunin bango da ake gada. Zaren roba na tsakiyar bangon ya tsittsinke, ƙwayoyin tsoka su sauya hali, jijiyar ta buɗe a hankali. Da masu bincike a Naples ta Italiya suka auna naman awotar irin waɗannan majinyata, rahotonsu na 2018 ya nuna poliyamin ya ƙaru a bangon, ba raguwa ya yi ba. Ko shi ne mai ɓarnar, ko ƙoƙarin gyara ne jiki ke yi, ƙara abin da ya riga ya yi yawa a wurin ba dabara ba ce. 

A jikin mutane ma sakamakon bai taka kara ya karya ba. Gwajin SmartAge na asibitin Charité a Berlin ya bi tsofaffi 100 tsawon wata 12 a kan miligiram 0.9 a rana, ƙwaƙwalwarsu ba ta fi ta masu shan kafson banza ba.

Kuɗin kwalaben nan sun fi dacewa da hoton eko na zuciya, wato sikanin zuciya da na'urar sauti. A auna faɗin awota a tushenta, da inda tushen ya haɗu da sashen da ke hawa, da sashen da ke hawan kansa. Idan eko bai nuna sashen sama sosai ba, wanda hakan na yawan faruwa, a yi CT ko MRI, kuma a riƙa kwatanta awo da irin na'urar da aka yi na baya, don bambancin milimita 2 na iya zama na mai awo ne kawai. Ana yin tiyata idan faɗin ya kai santimita 5.5, ko 5.0 ga wanda wani a danginsa jijiyar ta taɓa darewa ko kumburin ke ƙaruwa da milimita 3 a shekara, ko 4.5 idan dama za a buɗe ƙirji don sauya bawul. A riƙe hawan jini da maganin likita, a bar taba, a daina ɗaga kaya mai nauyin da sai an yi yunƙuri an riƙe numfashi. Iyaye, da 'yan'uwa na jini, da 'ya'ya su ma a yi musu eko sau ɗaya.

Ciwon ƙirji mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya yana ratsawa zuwa baya, wannan na asibiti ne nan take, kuma a faɗa wa likitan gaggawa faɗin awon ƙarshe.