Sigarin lantarki mai sake cikawa ga mai son barin taba

Sigarin lantarki, wato na'urar da ke mayar da ruwan nikotin tururi a zuƙa, irin wanda ake sake zuba wa ruwan ya fi wanda ake sha a yar dacewa da mai son rabuwa da taba, domin yana ba shi damar rage ƙarfin nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, sannu a hankali. Ba ya ƙona ganye, saboda haka babu baƙin hayaƙin da ke lalata huhu, kuma a 2015 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta ƙiyasta cewa illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin ɗari. Sai dai jarabar nikotin tana nan, yana busar da maƙogwaro, sannan Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar amfani da shi wajen daina shan taba ba.