Dogon yaro mai wasa a gindin kwando: salon Alabama ko na Purdue?

Malam, ga tambayarka a taƙaice don sauran 'yan'uwa su bi zancen. Ɗan yayanka, ɗan wasan ƙwallon kwando, yana shekarar ƙarshe a wata sakandare a Amurka. Tsayinsa mita 2.03, nauyinsa kilo 100, yana cin maki wajen 22 a wasa, kusan duka a gindin kwando, inda yake ba kwando baya ya ture mai tsaronsa. Jifan kyauta yana cin 74 cikin 100, na maki uku kuwa da ƙyar yake gwada ɗaya a wasa, kuma ka ce ƙafarsa tana da ɗan nauyi. Jami'o'i biyu ke zawarcinsa, kocin ɗaya yana bin salon Alabama, na ɗayar salon Purdue. Wanne zai fi karɓarsa?

Ka fara ajiye makin nan 22 a gefe, domin a wani fili daban aka ci su. Filin sakandare yawanci mita 25.6 ne, na jami'a mita 28.65. Layin maki uku a sakandare yana mita 6.02 daga kwando, na manyan jami'o'i kuwa tun kakar 2019-20 aka mayar da shi mita 6.75, a kusurwa 6.60. Wasan sakandare minti 32 ne, na jami'a minti 40. Agogon jifa, wato lokacin da dole ƙungiya ta jefa ƙwallo kwando kafin ya ƙare, a jami'a daƙiƙa 30 ne, alhali har yanzu akwai jihohin da ake buga wasan sakandare babu agogon kwata-kwata. Babba a cikinsu shi ne jiki. Yaron da ya fi kowa tsawo a garinsu, ranar da ya shiga jami'a zai tarar mita 2.03 tsawon mai lamba 4 ne, wani lokaci ma mai lamba 3 (guraben 'yan wasa biyar a fili ana kiransu da lamba 1 zuwa 5, yawanci daga mafi gajarta zuwa mafi tsawo). Wanda zai tsare shi a gindin kwando ya kai mita 2.08 ko 2.11, ya girme shi da shekara uku, ya yi shekara uku yana ɗaga ƙarfe. Don haka abin dubawa shi ne aikin da za a ba shi a lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, wato kusan duk wasan.

Salon Alabama, wanda Nate Oats ya kawo daga Buffalo a 2019, lissafi ne zalla, kuma mutumin dama malamin lissafi ne a sakandaren Romulus ta jihar Michigan kafin ya koma horar da ƙungiyar jami'a. Ka ɗauki jifa uku. Na tsaka-tsaki, mai maki biyu, idan yana shiga 40 cikin 100, kowane jifa ya ba ka maki 0.80. Na maki uku da ke shiga 34 cikin 100 ya ba ka 1.02. Na bakin kwando da ke shiga 62 cikin 100 ya ba ka 1.24. Shi ya sa tsarin yake son abu uku kawai: bakin kwando, bayan layi, da jifan kyauta. Abin da ke tsakani an kusa haramta shi. A kan haka aka ɗora gudu. Da an kama ƙwallo, biyu su sheƙa zuwa kusurwoyi, dogon ya bi tsakiya da gudu har ƙarƙashin kwando, ko ya tsaya ya yi wa mai ƙwallo shinge, wato ya tare mai tsaronsa da jiki, tun masu tsaro ba su daidaita ba. Sukan kai hari sama da sau 70 a wasa. Da wannan suka kai zagayen 'yan huɗun ƙarshe na gasar jami'o'i ta ƙasa a 2024, karo na farko a tarihin makarantar, kuma a Maris na 2025 suka zura jifan maki uku 25 a kan BYU, aka tashi 113 da 88.

Purdue ta Matt Painter, wanda ke riƙe da ita tun 2005, ita ma bakin kwando take nema, amma ta wata hanya. Maimakon ɗan gajere ya kutsa da ƙwallo, sai a kai ƙwallon ga dogo da ya riga ya kafa ƙafa. Ba sa gaggawa, harinsu yakan tsaya ƙasa da 70 a wasa, kuma suna da tarin tsararrun dabaru da ake kira daga benci, kowace da inda kowa zai tsaya da wanda zai yi wa shinge. Dogayensu jeri ne: JaJuan Johnson, A.J. Hammons, Isaac Haas, Caleb Swanigan, Trevion Williams, sai Zach Edey ɗan Kanada mai mita 2.24, gwarzon ƙasa a 2023 da 2024.

Da jin haka mutum zai ce ai an gama magana, yaro mai wasa a gindin kwando sai Purdue. A nan mutane da yawa ke kuskure. Gurbin da ake ciyarwa a wannan tsari ɗaya ne, na mai lamba 5, kuma masu irin wannan salo sukan nemi wanda ya haura mita 2.10 su ba shi. Yaronku zai faɗa lamba 4, kuma aikin lamba 4 a gefen irin su Edey shi ne ya ba dogon wuri. Ya tsaya a saman akwati, wato filin da aka zana a gaban kwando, ko a kusurwa, ya iya jefa ƙwallo ciki, ya kuma ci jifansa idan an bar shi. Dalilin yana cikin doka: a jami'a babu dokar da ta hana mai tsaro ya yi zamansa a cikin akwati fiye da daƙiƙa uku kamar yadda take a NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Idan mai lamba 4 ba ya jifa daga nesa, mai tsaronsa zai rabu da shi kawai ya koma ya zauna a gaban dogon, su zama biyu a kansa. Abin da ya faru ke nan a Maris na 2023, lokacin da Fairleigh Dickinson, ƙungiyar da ke matsayi na 16, na ƙarshe a rukuninta na gasar ƙasa, kuma cike da gajeru, ta fitar da Purdue mai matsayi na 1 da ci 63 da 58. Sun yi wa Edey rumfa, suka ce sauran su jefa, Purdue ta ci 5 kacal cikin jifan maki uku 26. UConn a wasan ƙarshe na 2024 ta bi akasin haka: ta bar Edey ya ci 37, ta toshe na waje har Purdue ta ci ɗaya cikin bakwai, aka tashi 75 da 60. Ta kowace fuska, tsarin yana rayuwa ne da hannun waɗanda ke kewaye da dogon.

To a Alabama fa? Dogo yana da ƙofa biyu. Ta farko ita ce ya zama mai gudu da tsalle: shinge, zamewa zuwa kwando, a ɗaga masa ƙwallo sama ya danna. Clifford Omoruyi, ɗan Najeriya daga birnin Benin, wanda ya koma can daga Rutgers a kakar 2024-25, wannan aikin ya yi, kuma ba a nemi ya yi jifan nesa ba. Amma shi mita 2.11 ne da dogayen hannaye da tsalle. Yaro mai 2.03 da nauyin ƙafa ba zai bi ta nan ba. Ƙofa ta biyu ita ce ya tsaya bayan layi ya jefa. Noah Clowney a kakar 2022-23, shekararsa ta farko, bai kai 30 cikin 100 ba a jifan maki uku, duk da haka yana cikin biyar ɗin farko, kuma Brooklyn ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen 'yan wasa na NBA na 2023. Abin da ke ciki shi ne wannan tsari yana yafe wa wanda ya jefa ya ɓarar, ba ya yafe wa wanda ya ƙi jefawa. Ko 30 cikin 100 ai 0.90 ne, ya fi jifan tsaka-tsaki. Wanda ya karɓi ƙwallo a kusurwa babu kowa a kansa, ya tsaya yana tunani, ya buga ta ƙasa sau biyu yana neman ya juya baya kamar yadda ya saba, ya kashe harin gaba ɗaya: masu tsaro sun koma wurarensu, daƙiƙa biyar ta tafi. Sau biyu zai yi haka ya ga wanda zai canje shi ya miƙe daga benci yana cire rigar sama.

Ka ga ke nan duka biyun jifa suke nema daga gare shi. Bambancin yana wurin lokaci da kuma abin da za a yi da kayan da ya zo da su. A salon Alabama, juya baya da ture mutum, wato abin da ya fi iyawa a duniya, kusan babu inda za a yi amfani da shi, sai dai in an yi musayar masu tsaro ɗan gajere ya faɗo hannunsa. Zai fara daga sifili, kuma da gudu, a ƙungiyar da ke sauya 'yan wasa da yawa kowace shekara. A salon Purdue kayansa suna da kasuwa, sai dai akwai layin jira. Dubi Trey Kaufman-Renn, mai mita 2.06, wanda jikinsa da wasansa suka fi kama da yadda ka siffanta yaronku. Kakar 2021-22 bai buga ba sam, an ajiye shi yana atisaye ba tare da shekarar ta shiga lissafinsa ba. Ta biyu ya riƙa shigowa daga benci idan Edey zai huta. Ta uku ya fara wasa a lamba 4 a gefen Edey, makinsa bai kai goma ba. Sai a 2024-25, bayan Edey ya tafi Memphis ta NBA, ya koma cin kusan 20 a wasa. Kuma ka lura da yadda yake cin da yawa daga ciki: ya yi wa Braden Smith, mai riƙe wa Purdue ƙwallo, shinge, ya zame taku biyu ko uku kawai, ya karɓa a tsakiyar akwati, ya sake ta da hannu ɗaya ta saman mai tsaro. Wannan ɗan gajeren zamewar ita ce abincin dogon da bai cika tsawo ba, kuma tana buƙatar hannu mai laushi da ido, abubuwan da mai cin 74 a jifan kyauta yakan kasance yana da su.

Wannan 74 ɗin ita ce lambar da ta fi muhimmanci a duk abin da ka kawo. Masu farautar 'yan wasa sun fi yarda da jifan kyauta wajen hasashen hannun yaro fiye da jifan maki uku da bai wuce guda 25 ko 30 a kaka ba, domin shi ana yinsa da yawa, daga wuri ɗaya, babu mai tsaro. Ta nuna hannun ba a karye yake ba, amma ba ta ce ya iso ba. Ku gwada shi a fili mai layin jami'a. Ya yi gudu daga ƙarshen fili zuwa ƙarshe sau biyu, ya karɓi fasin a kusurwa, ya jefa ba tare da ya buga ƙwallo ƙasa ba, har sau 50, sannan wasu 50 daga sama. Ku duba abu biyu. Shin ƙwallon tana sauka har cinyarsa kafin ta tashi? Wannan jinkirin a sakandare ba ya komai, a jami'a hannu zai riga shi. Shin ƙarin santimita 73 ɗin nan yana sa ya riƙa tura ƙwallo da kafaɗa, tana tafiya a miƙe tana dukan gaban ƙarfe? In haka ne, ƙarfin daga ƙafa ya kamata ya fito, kuma gyaran yakan ci watanni. Wanda ba ya cin rabi a irin wannan gwaji, babu kowa a gabansa, bai shirya tsayawa a kusurwar Alabama ba.

Ba ka tambayi tsaro ba, amma shi ke ba da mintuna. A wasa mai gudu, nauyin ƙafa yana fitowa fili sau 70 da wani abu, kuma fawul biyar ke fitar da mutum.

A ganinmu, yaron da ka siffanta salon Purdue ya fi dacewa da shi, da sharaɗin shi da iyayensa sun yarda da zaman benci na shekara ɗaya ko biyu ba tare da rai ya ɓaci ba. Abin da zai juya hukuncin shi ne idan gwajin nan ya nuna yana cin 30 cikin 50 a kusurwa, kuma zai iya sauke kilo biyar ko shida ƙafarsa ta saki. A nan salon Alabama zai fi saurin kai shi ga irin wasan da ƙwararru ke saye yanzu.

Kafin ku sa hannu, kar ku tsaya ga sunan salon, domin koci da yawa suna faɗin abin da ba shi suke bugawa ba. Ku nemi cikakkun wasanni uku na kowace ƙungiya, ba guntayen bidiyon da aka tace ba, ku ƙirga sau nawa aka ba wanda ba lamba 5 ba ƙwallo a gindin kwando, da sau nawa mai lamba 4 ya jefa daga bayan layi. Sannan ku tambayi kocin kai tsaye: su wa ke lamba 4 da 5 yanzu, shekara nawa ta rage wa kowannensu, kuma dogaye nawa ya ɗauko daga wasu jami'o'i a shekara biyun da suka wuce? Tun 2021 ɗan wasa yana iya sauya makaranta ya buga nan take, don haka layin da yaro ya shiga yana iya tsawo ta gabansa: ya jira shekara biyu, ranar da gurbin ya buɗe a kawo ɗan shekara 23 daga wata jami'a a ɗora a kai.