Shafen seramik a farfelar famfo: abin da na gani bayan wata 11

Ni ke kula da famfunan ruwa a masana'antar da nake aiki, kuma akwai guda ɗaya da ya daɗe yana hana ni sakat. Shi ke jan ruwan zafin da ya dawo daga injuna ya tura shi wurin sanyaya. Duk wanda ya tsaya kusa da shi sai ya rantse tsakuwa aka zuba masa a ciki. Cikin shekara 2 mun canja masa farfela sau 3, boris kuwa na daina ƙirge. Farfelar ƙarshe da muka ciro, ta ƙarfen zubi, bakin fikafikanta duk ramuka ne kamar gara ta ci itace. Na goga yatsa a wurin, sai da ya karce ni.

Wannan ciwo shi ake kira kabiteshan, kuma saboda shi na sayi shafen seramik, irin wanda ake haɗa gwangwani biyu a gauraya, a cike ramukan, a lulluɓe ƙarfen gaba ɗaya.

Shafin farko bai yi sati 3 ba ya ɓare. Laifina ne, ba na kayan ba. Takardarsa ta ce a fesa wa ƙarfen yashi da iska mai ƙarfi har ya yi fari ya yi kaushi, ni kuwa na yi gajen haƙuri na sa an goge da burushin waya. A karo na biyu muka bi ƙa'ida, muka kuma kai farfelar aka daidaita nauyinta bayan ta bushe, domin kauri kaɗan a gefe ɗaya ya isa ya sa ta rawa. Gargaɗi ɗaya ga mai son gwadawa: da zarar an gauraya, yana saurin kamawa, musamman in wurin da zafi. Kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Wannan karon ya zauna. Da muka buɗe bayan wata 5, ƙarfen yana nan lafiya. Sai dai shafen ya zaizaye daidai inda ramukan suke a da, ƙarar tsakuwa ba ta ragu ba, kuma a tsakanin nan mun sake rasa boris da sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Wani dattijon injiniya da aka turo mana duba wani inji daban ya ji ƙarar yana wucewa. Bai ko kalli farfelar da nake nuna masa ba. Ya ce, "Ɗana, ina gejin ɓangaren shigar ruwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, na fita kaɗai muke da shi." Ya yi murmushi, ya sa aka ɗaura wanda ke karanta matsin da ya gaza na iska. Allura ta faɗi ƙasa, tana karkarwa.

Bayaninsa ya zauna min, don haka bari in faɗe shi yadda na gane. Ruwa ba sai ya kai digiri 100 yake tafasa ba. In matsi ya yi ƙasa sosai, ko mai sanyi ma sai ya tafasa. A bakin farfela nan ne matsi ya fi faɗuwa, to in ya faɗi ƙasa da abin da ruwan zai jure, sai ƙananan kumfan tururi su fito. Ba sa nisa, suna shiga inda matsi ya hau sai su murƙushe farat ɗaya, ruwa ya harbo ta tsakiyarsu kamar allura ya daki ƙarfe. Guda ɗaya ba komai ba ce, amma dubbai ne a wuri ɗaya dare da rana. Tun 1917 masanin nan na Ingila, Lord Rayleigh, ya yi lissafin yadda irin wannan kumfa ke rushewa, lokacin da matsalar ke cinye farfelolin jiragen ruwa. Ga mu nan yau muna fama da ita a bayan masana'anta.

Sai muka zauna muka yi lissafin matsin da ke isa bakin famfon a bayan wani kwali, muna auna shi da mitocin tsayin ruwa. Nauyin iska a kan buɗaɗɗen tanki yana ba ka kimanin mita 10 na ruwa, in ba a kan tudu mai tsawo kake ba. Zafin ruwa yana rage wannan: ruwa mai digiri 20 kusan kwatan mita kawai yake cirewa, mai digiri 60 irin namu yana cire mita 2, mai digiri 80 kuwa kusan mita 5. Ruwan tankinmu yana ƙasa da famfon da mita 2. Matatar ruwa da ta toshe rabi, da siririn bututu, da gwiwar bututun da aka manna daf da bakin famfo, suka cinye wajen mita 2 da rabi. Abin da ya rage mita 3 da rabi, takardar famfon kuwa tana neman mita 4. Wannan adadi, wato matsin da famfo ke buƙata a bakinsa, shi ake rubutawa NPSH. Abin da ban taɓa sani ba shi ne, adadin da ke takarda ana auna shi ne a lokacin da famfon ya riga ya rasa kashi 3 cikin 100 na ƙarfin turawarsa, wato kumfan sun riga sun fara aiki. Dole ka bar rata a samansa.

Gyaran bai ɗauki kwana 4 ba. Muka mayar da bututun shiga daga inci 4 zuwa inci 6, muka ja gwiwar baya har aka samu miƙaƙƙen bututu wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa fiye da sau 5 kafin famfo, muka sa babbar matatar ruwa, muka ɗaga inda ruwan tanki ke tsayawa. Mahaɗin da ke rage faɗin bututu ma mun juya shi, ɓangarensa mai lebur ya koma sama don kada iska ta taru. Akwai kuma wata ɗabi'a ta masu aikin dare da na hana: in suna son rage ruwa, sai su matse bawul ɗin shiga. Wannan shaƙe famfo ne. Bawul ɗin fita ake matsewa.

Ranar da muka tayar da shi, ɗaya daga cikin yaran ya tambaya ko ya tashi ma kuwa, don bai ji ƙara ba.

To shafen fa? Ina ba shi yabo da sharaɗi. Ya ceci farfelar da na riga na yanke wa ƙauna, kuma ga wanda ba zai iya tsayar da aiki ya sake bututu yanzu ba, yana ba shi lokaci. Amma bai taɓa hana kumfa ko ɗaya fitowa ba, bai kuma kare boris da sil daga girgiza ba, kuma masu tallarsa ba sa gaggawar faɗin haka. In ana maganar ƙarfen da zai jure duka, tagulla ta fi ƙarfen zubi, mara tsatsa kuma ya fi su, farfela ta gaba irinsa zan nema.

Makon jiya muka sake buɗewa, wata 6 bayan gyaran bututu. Shafen da muka sabunta yana nan sumul, har sawun burushin da na shafa da shi ana gani. Sauran rabin gwangwanin na mayar da shi sito, na kuma rubuta neman geji 3 don sauran famfunan.